Ƙafar Hagu a Lapa

Kwana tara aka ba ni a Riyo,
bakwai na taron masana rogo ne,
biyun da suka saura na ce nawa ne.
Na hau bene hawa uku a wani lungu na Lapa
inda Dona Valdete ke koya wa ƙafafu magana.

Ta dube ni, ta dubi takalmina,
baƙi, sau-ciki, mai nauyi kamar na zuwa kotu.
Ta nuna da haɓa: cire.
Ashe safata ta huje a babban yatsa.
'Yan mata biyu daga Japan suka kau da kai,
suka taya ni jin kunya.

Ɗaya, biyu, uku. Ɗaya, biyu, uku.
Ba ita ke ƙirgawa ba, ni ne,
ni da na shekara ashirin ina auna buhu a sikeli.
Ƙafar dama ta ji kira ta tafi,
ta hagu ta toge tana tambaya: wai ina za mu?
Gwiwa ta ƙi lanƙwasa,
ƙugu ya ce shi dattijo ne, a bar shi.
Madubin bango kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Ta yi magana, wani saurayi ya fassara:
"Kana taka ƙasa kamar kana bin ta bashi.
Ɗauka garwashi ce.
Taɓa, ka ɗauke. Taɓa, ka ɗauke."
Na taɓa, na manta ban ɗauke ba.

Daren Asabar na bi sahun jama'a
ta ƙarƙashin fararen bakunan tsohuwar gada,
har wani gida da fentinsa ya gaji.
Makaɗa bakwai sun kewaye tebur guda,
ƙaramar jita tana tsiwa,
babbar ganga tana amsa mata daga ƙasan ciki.
Ƙamshin lemon tsami, gumi, soyayyen kifi.
Na sami ginshiƙi na jingina,
kwalbar lemo a hannu, ta zama mini uzuri.

Can na ga Jurandir,
wai direban bas ne da ya ajiye aiki,
farar hula, tsufa har wuya.
Da ƙyar za ka ce yana motsi,
tafin ƙafarsa kawai ke raɗa da daɓe,
amma duk ɗakin shi yake kewayawa.

Sai Nilza, da takalmin asibiti ba ta ko canza ba,
ta karɓe kwalbar ta dire a taga,
ta ja ni tsakiya kamar mai jan akuya kasuwa.
Na taka ta sau ɗaya, na ba da haƙuri da Hausa.
Na sake.
A na uku ita ta taka ni, da gangan,
ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.
Ni ma dariyar ta ƙwace mini,
lissafi ya zube, ban tsaya tsincewa ba.

Gangar ta shigo ta diddige,
ta hau ƙwauri, ta kwance gwiwa,
ƙugun nan mai girman kai ya sauko.
Ta hagu ba ta tambayi kowa ba.

Bai kai minti guda ba, na sani.
Da na ce a raina, "Kai, ga ni ina yi!"
nan take ta suɓuce.
Jurandir dai ya gani.
Ya taɓa bakin hularsa da yatsa biyu.

Da asuba na tsoma ƙafafu a bahon otal,
ƙwarzane biyu, farce ɗaya ya yi baƙi.
A layin duba fasfo, jaka a kafaɗa,
jami'i yana juya takarduna,
na ji wani abu yana ƙwanƙwasa tayil.
Na leƙa ƙasa.
Ita ce, ta hagun.