Dinari Goma Sha Ɗaya

Da rana ni ɗan canji ne
ƙarƙashin gadar Obalende,
inda hayaƙin danfo ke sauka cikin shayi.
Ina lasar yatsa, ina ƙirga takardu,
da safe su yi daraja,
kafin la'asar su koma ganyen kuka.

Da dare, in na sa sakata a Agege,
sai in jawo gwangwanin madara
daga bayan buhun gari.
Goma sha ɗaya ne a ciki,
kowanne naɗe cikin auduga
kamar bakwaini.

Na farkon, wani ma'aikacin jirgin ruwa
ya bar min jingina a Apapa,
ya ce kwana uku.
Bana shekara ashirin da shida.
Azurfa ce, da ƙyar ta rufe farcen babban yatsa,
gefenta a karkace kamar wainar da ta kama tanda.
Sarkin Rum a jiki, hanci kamar lauje,
ganye a kansa inda rawani zai zauna.
Na kai wa mai sani, ya ce dinari ke nan.
Ashe kalmar da malam ke auna zakka da ita
ta sha tafiya kafin ta iso bakinmu.

Na huɗun jabu ne.
A Jankara na saya, kuɗin raguna biyu,
hannun wani mai farar riga da bakin zuma.
Na sake shi kan siminti, ya ce tab, ya yi shiru.
Na gaske in ya faɗi, sai ya daɗe yana magana.
Ban yar ba.
Ni da ke gane jabun dala ido rufe,
gara ya zauna yana tuna min.

Danshin Ikko ba ya ga maciji da azurfa.
Damina ɗaya, sarakuna sun yi baƙi ƙirin,
in bi su da tsumma a hankali,
ba toka, ba lemun tsami,
kar in goge abin da zamani ya rage.

Kubura ta leƙo da ludayi a hannu:
"Tsalha, kuɗin da ba ya sayen tattasai, kuɗi ne?"
Nafi'u ya latsa waya, ya ce na taran kaɗai,
mai hoton mace da doki biyu a baya,
zai ba mu rabin fuloti a Ikorodu.
Na ce masa, wannan ya kwana cikin ƙasa
shekara kusan dubu biyu, ya fito.
Ba zan mai da shi ƙasa ba.

Ran Talata na ƙirga, goma.
Na ƙirga kuma, goma.
Gumi ya keto min har tafin ƙafa.
Sai ga jikata Ladiyo tana kuka daga bakin titi,
hannu a dunƙule.
Ta kai wa Iya Sikira ta sayi alewa,
matar ta juya shi, ta ciza, ta miƙo:
ba a karɓar wannan a nan.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa.
Sarkin da aka ce rabin duniya ta yi masa haraji,
alewa ɗaya ta gagare shi a Agege.

Daren nan sun ɗauke wuta.
Na lalubi fuskar da yatsa,
kunne ya shafe, ido ya shafe.
Wa ya cinye su?
Yatsun masu gurasa, na sojan da ke jiran albashi,
na wata da ta ƙulle shi a bakin zane
kamar yadda Inna ke ƙulle nata a Gumel.

Na tashi na lalubo kwabonta mai huji,
na naɗe shi da auduga,
na sa cikin gwangwanin.
Su yi sha biyu.