Ba Ciki, Ba Bai

A Dundee, ƙarfe uku da rabi rana ta naɗe tabarmarta,
kogin Tay ya koma launin gindin tukunya.
Na gama zagayen shayi,
na zauna a ɗaki na sha ɗaya, gefen Morag.

Ta manta sunan ɗanta.
Jiya Alasdair ta kira ni, yau likita,
ni kuwa Ɗanlami ne, mai juya tsofaffi a kan gado.
Amma da na zaro tsinkayen saƙa daga jakarta
sai yatsunta suka riga ta farkawa.

"Ɗaura talatin da ɗaya," in ji ta.
"Ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya,
in ka kai ƙarshe ka juya, ka sake."
Shi ke nan karatun.

Ulun ruwan ƙasa ne, fam biyu a shagon gwanjo.
Hannuna da ya saba ɗaga mutum
ya kasa riƙe zare.
Na matse, tsinke ya ƙi shiga.
Na sassauta, ido ya zame
ya bar rami a layi na tara.
Ta bugi bayan hannuna,
irin bugun da Iya Gambo ke yi mini
in na taɓa mata mazari tana kaɗi a Gumel.

A bas mai lamba ashirin da biyu nake ci gaba,
wani yaro na kallona, ina ƙirga a zuci.
Da can saƙa da warwara a kaina nake yi:
takardar zama, kuɗin haya, kiran gida da ban amsa ba.
Yanzu sun sauko hannu.

Mako shida. Ya fito da ƙurji-ƙurji
kamar an watsa tsabar gero a faifai.
Ka juya nan, ka juya can, duk ɗaya,
babu fuskar nunawa, babu ta ɓoyewa.

Ran da na naɗa mata a wuya
ba ta san ni ba sam.
Ta bi shi da babban yatsa, layi-layi,
har ta iso ramin nan, ta tsaya.

"Wane ne ya yi wannan ɓarnar?"
Na ce wani ɗan koyo ne.
Ta zura ɗan yatsa ciki, ta leƙo ta ɗaya gefen.
"Ka ce masa ya bar shi.
Ta nan zan riƙa rataye shi."