Mai Auna Bokiti

A Gadarif, shekarar da riɗi ya yi kyau,
ni aikina bokiti.
Gado goma sha huɗu, kowanne da huda a tsakiya,
a ƙarƙashi abin da ciki ya sako,
fari kamar ruwan wankin shinkafa.
In auna, in rubuta.
Ban karanta likitanci ba, amma na san lita
kamar yadda mai awo ta san bakin tiyarta.

Dakta Dafa'allah ya zo da 'yan kwalabe
da ambulan liƙaƙƙu.
Ya ce maganin taɓin hankali ne,
yana kwantar da amai,
wataƙila ya ɗaure bakin hanji.
Wataƙila. Sau biyu ya faɗa.
Ni na juya wa mutanenmu da Hausa.

Inna Baturiya ta janye yatsa daga tawada:
"Ɗana gudawa yake yi, ba jifa ba.
In aka ji, wa zai ba shi 'ya?"
Na ce ba tilas,
ruwan gishiri da sukari nasa ne ko ta ƙi.
Ta dubi Sabi'u, ido ya faɗa rami,
fatar hannu in ka tsunkula sai ta tsaya
kamar mai jiran izini.
Ta dangwala.

Ambulan ta bakwai.
Magani ne ko ruwa zalla, ba a gaya mana ba.

Da dare barci ya ɗauke shi, mai nauyi,
uwar na kai yatsa bakin hancinsa.
Mai barci ba ya shan ruwa,
sai na riƙa tashinsa da kofi,
yana kurɓa yana zagina.

Da asuba lita biyu da rabi. Jiya biyar.
Gado na tara ma bokitinsa ya tsaya,
tsohon nan mai yankan riɗi.
Shi an rufe masa fuska.

Duk da haka na ruga: "Dakta, ya ci!"
Bai ɗago kai ba.
"Yayyafi ɗaya ba damina ba ne. Rubuta."

Ran tafiya Sabi'u ya nemi kisra da shayi.
Uwar ta ja ni gefe:
"Na mahaukatan ne ya tashe shi?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ta ce, "In ka sani, ka bar shi a cikinka."

Na ɗauraye bokitin.
An riga an shigo da wani.