Taku Arba'in

Mahaifina Nomau bai bar mana abin faɗa ba.
Rijiya ɗaya a fadamar albasa,
jaki mai ɗingishi,
sai bindiga, adaka ce doguwa,
an ɗaure gindinta da fatar akuya
har fatar ta ɗauki shatin tafinsa.

Takardarta tana cikin gwangwanin madara,
jan hatimin ya koma ruwan ƙasa.
Yakan ɗaura wa jaki akumari ya nufi Tawa dominta,
ya yini a bakin ofis yana korar ƙuda.
Su ce, Nomau, wa zai tambaye ka a wannan ƙauye?
Ya ce, ni.

Bindiga a rataye a ɗakinsa.
Albarushi a cikin ƙaho,
ƙaho a cikin rumbu, rumbu can bayan gida.
Na ƙirga da takunsa, ina bin sawunsa a rairayi:
arba'in.
Na ce, Baba, in ɓarawo ya zo fa?
Ya ce, in ɓarawo ne, taku arba'in ba sa mai da shi waliyyi.
In kuwa ba shi ba ne...
Sai ya ci gaba da goge ta da tsumma.

Shekarar da na dawo daga Abijan
da rediyo da bashi,
an kore shanun ƙauyuka uku a dare ɗaya.
Muka taru gindin gawo, samari jini na tafasa.
Kowa ya nemi tasa!
Motar jandarma sai rana ta fito take isowa,
mu kuwa da dare ake yanka mu.
Ƙofar da ba ka iya tsarewa, taka ce ko ta aro?
Ni na faɗi wannan, da ƙarfi.
Har gobe ban janye ba.

Na so in kawo ƙahon ƙarƙashin matashi.
Inna Cima tana tsince wake, ba ta ɗago ba:
bar shi inda mai shi ya bar shi.

Daren Laraba, babu wata.
Kare ya yi haushi, zana ta motsa wajen awaki.
Na fizgo ta daga bango, na fita ba takalmi.
Taku goma, na riga na kashe shi a zuci.
Ashirin, ƙaya ta shige mini diddige.
Talatin, na ji tari.
Arba'in, ƙaho na hannuna, tarin ya sake,
busasshe, mai ƴar sheƙa a ƙarshe.
Na san tarin nan.
Tankari ne, ɗan Arzika, kurman nan,
ɗan akuyarsa ya kutsa ta shinge, ya biyo shi.
Da na ce wane ne sau bakwai
da bai amsa ba.

Ya wuce ta gabana rungume da abinsa,
ya yi mini murmushi cikin duhu.

Da safe Arzika ya zo aron guga.
Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafar?
Na ce ƙaya ce.
Na miƙa masa igiya, ita ma tana rawa.

Ban sayar ba. Ban jefa ta rijiya ba.
Ɓarayin suna nan, daji bai tuba ba.
Na je Tawa ranar kasuwa
aka kankare Nomau aka rubuta ni,
mai biron ya ce in dangwala yatsa,
yatsan nan dai, na kunama.

Jiya na tarar da ɗana Gado bayan gida
yana takawa yana motsa leɓe.
Ya ce, Baba, sittin da biyu ne.
Na ce, kana girma suna raguwa.
Ranar da ka ga sun kasa arba'in,
ka tara mutane
ku matsar da rumbu.