Tantani

Baba Arzika ya tsuguna a bakin fangali,
dashen albasarsa ya kwanta kamar an bi shi da bulala.
Ƙasa jiƙe take, yatsa na nutsewa,
amma lawashi ya yi yaushi.
"Wanga aikin mutum na," in ji shi,
yana hararar gonar Nomau.

Na yi shiru. Na riga na ga buhun takin
da na aiko kuɗinsa daga Birnin Kebbi,
rabinsa ya ƙare a fangali huɗu kacal,
don a ce duk Aliero babu mai albasa irin tasa.

Bayan magariba Inna Tumba ta yanka albasa a kwano,
ta barbaɗa gishiri, ta koma murhu.
Kafin ta waiwayo kwanon ya tara ruwa,
ba a matsa ba, ba a daka ba.
Warin kuwa ya kai zaure da ƙafarsa,
babu mafici, babu ɗan aike.

Na ce, Baba, dubi nan.
Kowace ƙwayar rai tana lulluɓe da tantani,
ɓawon albasa ma ya fi shi kauri,
da ƙofofin da ido ba ya gani.
Ruwa ba ya biyan ko kwabo a wurin,
ba a tura shi, ba a jan sa da guga.
Daga inda ya yi yawa
yake silalewa zuwa inda ya yi ƙaranci.
Waken da Inna ta jiƙa don ƙosan safe
haka zai sha ya kumbura muna barci.
Takin nan ɗan'uwan gishiri ne.
Da ya yi wa ƙasa yawa,
sai ruwan saiwa ya fito ya bi shi.
Tana tsaye cikin laima ƙishirwa ta kayar da ita.

Ya daɗe yana murza yankan albasa a yatsunsa.
Ya dubi ɗakin Jaɓɓi, an tara buhuna ciki,
ya dubi na Hantsi da kwaɗo a ƙofa,
ya dubi jakata, wadda ban ko kwance ba.

"Ku ma ba wanda ya kore ku," in ji shi.
"Ashe birni gishiri na."

Da asuba ƙarar injin ban-ruwa ta tashe ni.
Yana malala ruwa a fangalin, ko za a wanke ƙasar,
Nomau na riƙe masa bakin tiyo.