Abin da Jinina Ya Faɗa

Ni ne Barau, ɗan dako na bakin gadar Garwa.
Shekara talatin, buhun ƙwayar auduga
bai taɓa jiran mutum biyu ba in ina tsaye.
Yau ko butar alwala zan ɗauka
sai na yi shawara da gwiwa.

Ba rana ɗaya abin ya zo ba.
Binuwai ma ba ya janyewa dare ɗaya:
yau ka hangi ɗan tudun yashi,
gobe yara na ƙwallo inda kwalekwale ya saba wucewa.
Damtse ya saki, tumbi ya yi gaba,
gyangyaɗi na sace ni tsakiyar hira,
fushi kuwa, ko cokali ne ya faɗi.
Dije ta daina tambaya.
Ni ma na daina juyowa.
Katifa ɗaya, amma sai ka ce akwai kwastan a tsakiya.

Jaka bakwai na kai wa mai lasifika,
ya ba ni kwalba mai hoton ɓauna.
Na sha. Zuciya ta kwana bugun ƙirjina
kamar mai bin bashi,
har aka kira assalatu.
Wanda na yi sayayyar dominsa kuwa
ko kai bai ɗaga ba.

A asibiti suka ce in zo da sassafe, kada in karya,
wai da safe ne abin ke cika a jini.
Likitar sa'ar 'yata ce.
Na kafa wa takalmina ido.
Ta ce, "Baba, sunansa testosteron."
Ta rubuta min, na ninke na cusa a hula.
"Naka ya ja baya.
Za mu sake awo, shaida ɗaya ba ta yanke hukunci.
Kuma ba shi kaɗai ya zo ba:
ga sukari a bayansa,
ga hawan jini riƙe da jakarsa."

Na ce a yi min allura, a wuce wurin.
Ta ajiye biro.
"Ba a ɗaki kaɗai yake aiki ba.
Ƙashi na ci a hannunsa, tsoka ma haka.
Allura na da masu ita, kuma sai ana dubawa,
don takan sa jini ya yi kauri.
Ni shekara ashirin masu zuwa nake nema maka,
ba daren yau ba.
Fara da tumbin nan,
da shayi mai sukari cokali biyar,
da minsharin da ke yanke maka numfashi."

Na ce, wa ya gaya miki minshari?

Dije na bakin ƙofa,
tana gyara mayafin da bai karkace ba.

Yanzu bayan asuba nakan taka gada,
in je in dawo, ina ƙirga fitilu.
Dorina na huci a ƙasa, ina huci a sama.
'Yan acaɓa na tsokana: "Baba, babu na mota ne?"
Shayina ya zama ruwan ganye.
Laraba za a sake ɗibar jini,
ban san me lambar za ta ce ba.

Jiya dai jikana Talle ya gaji a tsakiyar gada,
na ɗora shi a wuya.
Bai kai rabin buhu ba, na sani.
Amma har ƙofar gida
ban sauke ba.