Dutsen Gindin Bima

Wuƙarmu ta dakushe tun kafin Sallah.
Tumatir, murƙushe shi take yi,
albasa na mata dariya,
ni ke kuka.

Na naɗe ta a jarida, sai Tsohuwar Kasuwa.
Gidaɗo ya baje min hajarsa:
'yar roba mai baki biyu,
"ja uku, har aski za ta yi",
da sandar ƙarfe irin ta mahauta
mai sa mutum ya ɗauka ya iya.
Can gefe, wani dutse toka-toka
ya danne ledoji kada iska ta kwashe.

"Wannan fa?"
"Sai mai haƙuri. Daga gindin Bima ya zo."

Inna ta faɗo min a rai,
durƙushe bakin rijiya a Kumo,
ɗigon ruwa, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas,
ta gwada kaifi a farce.
Dutsenta har ya lotsa kamar tafin hannu.

Na biya. Gidaɗo ya taka ledojinsa da ƙafa.

Kwana huɗu ina wasawa,
Dije na cewa wasa nake.
Jiya dai tumatir ya rabu biyu,
ko hawaye bai zubar ba.